Wa ke riƙe da mai riƙo?



Yau maganar yara ce, yaran da ke kwana a gidan da ba na uwa da uba ba. Ku yi wani ɗan lissafi da kanku, ba sai an kawo muku masani ba. Ku ɗauki layinku, ko a Zariya ta Maraɗi kuke, ko Garin Malam ta Damagaram, ko Bukoki ta Yamai, ku ƙirga gida goma. Cikin goman nan, gida nawa ne babu ɗan riƙo? Ga gidan tsohuwa mai jikoki huɗu, uwarsu ta tafi Aljeriya yau shekara biyu. Ga gidan mushen lakwal da aka turo wa ɗiyan ƙanensa bayan ƴan bindiga sun tashi ƙauyensu. Ga kuma gidan Hajiya mai yarinya ƴar shekara tara, wadda in baƙo ya tambaya sai a ce "ɗiyar ƴar'uwata ce daga ƙauye", alhali ita ke tashi kafin assalatu, ita ke kwanciya bayan kowa. Duka ukun suna ɗaya muke ba su: riƙo. Da wannan sunan kuma muke rufe bakin duk wanda ya so ya yi tambaya.

Ni abin da nake gani shi ne yaran riƙo suna ƙaruwa a garuruwanmu, kuma ba zumunci ne ya ƙaru ba, rashi ne ya ƙaru. Masu ɗauke da nauyin, akasari tsofaffin mata da gwaggonni marasa ƙarfi, an bar su su kaɗai. Gwamnati ba ta san da su ba, ƙungiyoyi sun tsallake su, masu kuɗinmu sun fi son gini mai allo a ƙofa, mu kuma muna zaune a majalisa muna yabon kanmu wai a ƙasar Hausa ɗa na kowa ne.

Kada wani ya ce na zo zagin al'ada. Riƙo tsohon abu ne a wurinmu, kuma abu ne mai kyau. Ɗan fari da iyaye ke jin kunya, kakanni ke ɗaukarsa. Yaro ya isa yaye a kai shi ɗakin kakarsa, wani daga yayen nan ya zarce ya zama nata. Mace Allah bai ba ta haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ɗauki ɗiya sukutum ya ba ta, ta raine ta, ta aurar da ita, ta yi mata kayan ɗaki kamar ita ta haife ta. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙo ta ga amfaninsa. Shi kansa Manzon Allah (SAW) a hannun kakansa Abdul Muɗɗalib ya tashi, bayan rasuwarsa baffansa Abu Ɗalib ya karɓe shi. Har ma a tsohuwar Hausa ɗan riƙo ana ce masa ɗan tallafi. Ku ji yadda kalmar ta yi tafiya: yau in aka ce tallafi, buhun shinkafa da layin karɓar kati ke faɗo mana a rai.

Sai dai wancan riƙon yana da abin da ya tsaya a kai. Akwai gandu, akwai rumbu. Bayan girbi uban yaro na aiko da damin hatsi, da salla ya aiko da riga da takalmi. Tsakanin gidan haihuwa da gidan riƙo tafiyar hantsi ce, uwa na ganin ɗanta ran kasuwa, in ta ga ya rame ko ta ga shatin bulala, magana ta je gaban manya kafin rana ta faɗi. Kuma a da, mai riƙo ita ke roƙo a ba ta yaro. Yanzu ita ake roƙo ta karɓa, ko ma a ajiye mata a tafi ba shawara.

Me ya canza? Ai kun fi ni sani. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke rabonta, kowa ya samu abin da ba ya kai shi watan uku bayan girbi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ɗiya 7.6 a tsakaice, a jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa abin ya haura 8. Daga 2019 dubun dubatan mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, har hukumar HCR ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Kafin kowace hukuma ta iso, su wa suka fara buɗe musu ƙofa? Dangi da talakawan ƙauyukan bakin iyaka. Yaro nawa cikinsu ya iso ba uba, ko ba uwa ba uba? Bayan 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, takunkumin CEDEAO ya zauna har Fabrairun 2024, farashin tiya ya yi abin da ya yi. Damanar 2024 ta zo da ambaliyar da ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a ƙasar nan, ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Duk gidan da ya rushe, yaransa an rarraba su: biyu gidan kawu, ɗaya gidan gwaggo, ƙaramin wajen kaka. Ana cewa "kafin a gyara". Wasu har yau ba a gyara ba.

Ga kuma tafiyar mata. Wanda ya manta ya tuna: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. An yi zaman makoki na kwana uku, aka yi jawabai, tafiya kuma ba ta tsaya ba. A Maris ɗin 2022 sai da gwamnati ta tura jirgi Dakar ta kwaso wajen mutum dubu da ke bara a titunan Sanagal, yara birjik a cikinsu. Kowa a yankin ya san ba duk yaron da ke riƙe da zanen mace ne ɗanta ba. Akwai na aro, a kan in an dawo a raba abin da aka samo. Shi ma wannan, in jandarma ya tsayar da mota ya tambaya, amsar ita ce "ɗan riƙona ne". Waɗanda ba a tafi da su ba kuwa, suna nan gida wajen tsohuwa, tana jiran aike daga Tamanraset, wata ya zo, wata bai zo ba.

Wani zai ce to ai wannan ƙaddarar ƙasa matalauciya ce. Bari mu leƙa ƙasashen da ke rubuta komai a takarda, don su abin da ke ɓoye a wurinmu a fili yake a wurinsu.

A Amurka, in hukuma ta ga iyaye sun kasa, alƙali ke ƙwace yaro a kai shi wani gida, gwamnati na biyan masu gidan kowane wata. A 1985 yaran da ke cikin irin wannan riƙon na hukuma wajen 276,000 ne. Zuwa 1999 sun haura 560,000. Ninki biyu cikin shekara goma sha huɗu. Shin iyayen Amurka ne suka wayi gari suka daina son ɗiyansu? Wasu masana biyu, Swann da Sylvester, sun bi diddigin alƙaluman jiha-jiha suka fitar da sakamako a 2006. Manyan dalilai biyu suka samu: yawan ɗaure mata a kurkuku, da raguwar kuɗin tallafin da gwamnati ke bai wa iyaye mata matalauta. Wato an rage abin da ake bai wa uwa ta riƙe ɗanta, aka koma ana biyan wanda ya fi shi yawa ga baƙo ya riƙe mata shi. In wannan ba wauta ba ce, ku gaya mini sunanta.

Su ma can dangi ne ke tare gaba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke hannun hukuma, a gidan kaka ko inna ko kawu aka ajiye su. Waɗanda dangi ke riƙe da su ba tare da hukuma ta shiga ba sun fi miliyan 2. Kuma sai da aka kai ƙara har kotun ƙolin ƙasar a 1979 kafin a yanke cewa ba a hana dangi kuɗin riƙo don kawai su dangi ne. Har yau kakar da ta ɗauki jikanta don Allah, ba ta bi ta hannun alƙali ba, abin da take samu bai kai na baƙon da aka yi wa takarda ba. Ingila ma haka: yaran da ke hannun hukuma sun tashi daga wajen 60,000 a 2008 zuwa sama da 83,000 a 2023, a shekarun da aka tsuke bakin aljihun ƙananan hukumomi.

Amma wanda ya fi kama da namu shi ne na Afirka ta Kudu. Lokacin da ciwon sida ya yi ta kashe iyaye, kakanni suka cika da marayu. Gwamnati na da kuɗin riƙo mai ɗan kauri, amma sai alƙali ya sa hannu, ma'aikacin jin daɗin jama'a ya zo ya duba gida, kuma a sabunta takarda duk shekara biyu. Da aka ce wa dangi su ma su nema, sai adadin ya tashi daga wajen 50,000 a shekarar 2000 zuwa sama da 500,000 a 2010. Yaran ba sabbi ba ne, da ma suna ɗakin kaka, kuɗi ne ya fito da su fili. Kotuna suka cushe, takardu suka yi ta mutuwa a kan tebur, ma'aikatan da ya kamata su bi yaran da ake azabtarwa suka koma cika fom. Sai a 2022 suka gyara: suka ƙara wani abu a kan kuɗin yara na yau da kullum ga duk dangin da ke riƙe da maraya, ba sai an je gaban alƙali ba. Shi kuwa wannan kuɗin yaran, tun da aka kafa shi a 1998, ba uwa ko uba aka rubuta a doka ba. Wanda yaro ke hannunsa, shi ke karɓa. Yaro ya koma gidan gwaggo, kuɗi ya bi shi gidan gwaggo.

To mu dawo gida. Mu ma muna da shirin tallafin kuɗi. Tun 2011 aka fara shi da kuɗin Bankin Duniya, daga baya aka ci gaba da shi da sunan Wadata Talaka. Da aka fara, an riƙa zaɓen gidaje matalauta a ƙauyuka, a ba mace ɗaya a gidan sefa 10,000 a wata, jika goma ke nan, har wata 24. Ban raina ba, wallahi. Waɗanda suka samu sun san abin da jika goma ke yi a watan da rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Amma ku duba yadda aka ɗinka rigar. Gida ake bai wa, ba yaro ba. Gidan mai yara uku jika goma, gidan mai yara goma sha ɗaya jika goma. An rubuta sunaye bana, baɗi aka kawo wa tsohuwa jikoki biyar daga bakin iyaka, lissafi bai san da su ba. In kuwa ba a zaɓi ƙauyenta ba, ko tana zaune a gefen birni cikin kango, shi ke nan, ita da Allah. Kuma kuɗin na waje ne: ranar da mai bayarwa ya yi fushi ko ya canza shawara, kamar yadda muka gani bayan Yulin 2023, da kuma farkon 2025 lokacin da Amurka ta datse taimakonta a duniya, ba wanda ke zuwa ya tambayi tsohuwa yadda ta kwana.

Haka maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka kafa tun 2006. A takarda yana nan. A asibiti sau nawa ake rubuto maka magani a ce ka je waje ka saya? Uwa za ta sayar da akuya don ɗanta. Matar kawu, wadda nata huɗu ke tari, za ta sayar da akuyarta don ɗan ƙanwar miji? Wata za ta yi, Allah ya saka mata. Amma kada mu gina rayuwar yara a kan cewa kowace mace waliyyiya ce. Ɗan riƙo shi ne na ƙarshe a kai shi likita, shi ne na farko a cire daga lakwal in kuɗin kaye da alƙalami ya gagara. Da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita, don an baro ta a ƙauyen da aka ƙone, ko ba a taɓa yi ba. Ran jarrabawar gama firamare a ce babu takarda, karatu ya tsaya nan.

Yanzu ga masu gina gidan marayu. Na san zan taɓo inda ke da ƙaiƙayi. Alhaji ya samu, yana neman lada, sai ya zuba bulo, ya yi fenti, ya kafa allo da sunansa, a kira ƴan jarida a yanka rago. Ƙungiyar waje ta zo da kamara, a jera yara da sabbin riguna iri ɗaya. Niyya mai kyau ce, ban shiga zuciyar kowa ba. Amma ku shiga ku tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya: ina innarka? ina kakarka? Da yawa za su gaya muku sunan unguwar da take. Abin da aka gani a ƙasashe da dama shi ne mafi yawan yaran gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Uwa ta mutu mata miji, ta ga a can akwai shinkafa sau uku da lakwal kyauta, a ɗakinta babu, sai ta kai shi tana kuka. Mun raba ɗa da uwa, muna kiran abin taimako. Kuɗin da ake kashewa a kan gado ɗaya, da mai gadi, da mai dafuwa, da wuta, da ruwa, da motar shugaba, zai riƙe yara nawa a ɗakin iyayensu mata? Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyaye a ƙarshen 2009, kuma a ciki an nuna cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba, alama ce ta cewa gidan na buƙatar a tallafa masa. Ruwanda, ƙasar da ta fi kowa sanin maraici bayan kisan 1994, ta fara rufe gidajen marayunta tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai. Akwai jaririn da aka tsinta a kwata, akwai yaron da danginsa ne ke cutarsa. Waɗannan suna buƙatar wuri, kuma alƙalin yara da ma'aikatan kare yara suna da aikin yi a kansu. Amma su kaɗan ne a kan tulin waɗanda abin da ya raba su da gida bai wuce tiyar hatsi ba.

Sai ku, iyayenmu mata na birni, Hajiyoyi da matan ma'aikata. Ku yi haƙuri, da girmanku, amma sai na faɗa. Yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye, in ɗiyarki na tafiya lakwal da jaka ita tana bin ta da kwanon abinci, ba riƙo kike ba. In naki na kwana kan katifa ita tana kwana a kicin kan buhu, ba riƙo kike ba. Ƴar aiki kika ɗauka, kuma ƴar aikin da ba ta isa aiki ba. Kin san haka, shi ya sa kike ce mata ɗiyar ƴar'uwa in an yi baƙi. Tsakaninki da iyayenta akwai dillaliya, wadda ke zagaya ƙauyuka bayan girbi tana kwaso yara uku huɗu a mota ɗaya, ta rarraba gidaje, ƙarshen wata ta bi ta karɓe kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ce wa uwar ana tara mata na kayan ɗaki. Shekara uku yarinya ta dawo da ƴar jakar leda, wata ta dawo da ciki, a ce ita ce marar tarbiyya, ba a tambayi samarin gidan da maigidan komai ba. Ƙasar nan tana da dokar hana fataucin mutane tun Disambar 2010, kuma ɗaukar yaro daga gari zuwa gari don a ci guminsa yana cikinta, ko da iyaye sun ce sun yarda. Sunan riƙo ne kawai ke sa ɗan sanda ya ɗauke kai, maƙwabci ya ce ba ruwansa.

Mu maza kuwa, a nan ne muka fi jin kunya, in muna da ita. Mutum ya saki mace da yara uku, ya ƙara aure kafin ta gama idda. Ta koma gidansu, ta samu wani mijin, shi kuma ya ce ba ya riƙon agola. Yara suka faɗa hannun kaka. Uban yana nan garin, yana hawa babur, yana shan shayi a majalisa, amma shekara ta zagayo bai aika da sabulu ba. In aka yi magana ya ce "ai suna wajen kakarsu", kamar wanda ya ajiye kuɗi a banki. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana abin nan sarai: reno na uwa ne, in ta yi aure ya koma ga uwarta, sannan ƴar'uwarta, haka har ƙasa, amma ci da sha da tufa suna kan uba duk inda yaron yake. Reno ya koma gidan kaka, ciyarwa ba ta koma ba. Sau nawa kuka ji an tsaya a kan wannan a huɗubar Juma'a? Ladan mai riƙon maraya kowa ya haddace shi. Hukuncin uban da ya mayar da ɗansa maraya yana raye, shi ne ba a cika karantawa ba.

Kuma kada a ce mana biyan kuɗi don yaro bidi'ar Turawa ce. Malaman tarihi suna ba da labarin Sayyidina Umar, lokacin da yake halifa, ya sa wa yara rabo daga baitulmali amma sai wanda aka yaye. Wani dare ya ji jariri na ta kuka, ya bincika, ashe uwar ce ke ƙoƙarin yaye shi tun lokaci bai yi ba don ya shiga lissafi. Da gari ya waye ya canza doka, ya ce a rubuta kowane yaro tun ranar haihuwa. Shugaba ne ya ga yadda tsarin rabonsa ke cutar da yaro a cikin ɗaki, bai zagi uwar ba, ya gyara tsarin.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata ko taron otal a Yamai. In za a sake rubuta sunayen masu karɓar tallafi, a ƙirga yaran da ke cin tukunyar gidan, har da waɗanda ba a haifa a ciki ba, kuma a bar ƙofa buɗe ga gidan da aka kawo wa yara bayan an rufe rajista. Abin da aka ware don yaro ya bi yaron, a ba matar da ke dafa masa. Kada a sa ta bin kotu kamar yadda aka wahalar da kakannin Afirka ta Kudu: shaidar mai gari da liman da shugaban lakwal ta isa. Kowane mai gari da mai unguwa ya ajiye kaye guda, na dala ashirin ma ya isa, a rubuta: yaro wane, ɗan wane, daga gari kaza, yana hannun wance, tun wata kaza. Mai unguwa ya san wanda ya sayi fili da wanda ya kawo baƙuwar saniya, don me ba zai san yaron da aka kawo ba? Daga wannan kayen magajin gari zai san wa za a yi wa takardar haihuwa in alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka, shugaban lakwal ya san wa ya kamata ya gani a aji bai gani ba. Ita ma Hajiya, in ta san an rubuta sunan yarinyar kuma za a zo a tambaya, hannunta zai yi sanyi.

Masu zakka da masu neman lada a watan azumi, kafin ku aika da buhu gidan da ke da allo, ku tambayi matan gidanku. Su sun san kowace tsohuwa a layin da ke surfe ko wankau ko sayar da ƙuli don jikoki. Ba za ta zo ƙofarku ba, kunya ba za ta bar ta ba. Buhun hatsi ɗaya da kuɗin kaye a farkon shekarar lakwal, a kai mata da dare ba kamara. Ƴan kasuwar Maraɗi da ke iya cika tirela zuwa Kano a yini ɗaya ba za su kasa ɗaukar gida biyar biyar ba.

Ku kuma iyaye na ƙauye, ina jin ku, na san ba don ƙi kuke bayarwa ba. Baki ɗaya ya ragu a kan tukunya wani abu ne. Amma girbi na ƙarewa za su fara zuwa, da sabon zane da ƴar tsaraba da daɗin baki. In ta zauna ta ce a ba ta yarinya, ku tambaye ta sunan mai gidan da za a kai ta, da unguwar, da lambar da za ku kira ku ji muryar ɗiyarku da kunnenku. Ku tambaye ta wace lakwal ko wace islamiyya za a sa ta. Ku tambaye ta wa zai riƙe kuɗin, nawa ne, kuma wane wata za a maido ta ku gan ta. A yi maganar a gaban mai gari, ba a bayan ɗaki ba. In ta fara kame-kame, ko ta ce ai ku ba ku yarda da mutane ba, ku ba ta ruwa ta sha ta kama hanya, yarinyar ta kwana a ɗakin uwarta.